Furen da Akuya Ta Ƙi

Ranar Litinin da safe Lukuman ya shigo harabar sabon ofishin da ke kan hanyar Sakkwato, a Gusau, ya tarar da furanninsa arba'in sun koma tsinke arba'in. Ko ganye ɗaya babu. A tsakiyar fangalin farko wani bunsuru ne tsaye yana tuƙa, yana kallonsa kamar shi aka ɗauka aikin.

"Baba Shehu!" ya ƙwala wa maigadi kira. "Kana ina aka yi wannan ɓarna?"

Tsohon ya ajiye butar shayinsa a hankali. "Ina nan bakin ƙofa, ɗana. Kuma ko akuya guda ba ta bi ta ƙofar ga ba. Kwaɗo biyu na sa mata."

Gaskiyarsa ce. Ɗan kwangila ya kafa wa ofishin ƙofar ƙarfe mai kyau, har da koren fenti, sai dai katangar ce bai fara ba. Ƙofar tana tsaye ita kaɗai a fili. Ga shi an gama girbi, mutanen unguwa sun saki dabbobinsu, kowace akuya tana yawo inda ta ga dama.

Shekara ɗaya ke nan da aka yanke jihar Zamfara daga Sakkwato, ofisoshi sai tsirowa suke yi a Gusau, kowanne yana neman ma'aikata. A nan Lukuman ya samu shiga. An ɗauke shi gwajin wata uku a matsayin mai kula da furanni, saboda ya gaya wa masu intabiyu cewa ya yi shekara uku yana aikin lambu a gidan wani Bature a Kaduna. Gidan kam ya san shi. Kabu-kabu yake yi a lokacin, shi ke kai kukun Baturen kasuwa, kuma in ya tsaya jira yakan leƙa ta saman katanga.

Bai gama korar bunsurun ba sai ga motar Malam Tajuddeen, shugaban sashen gudanarwa. Haifaffen Gusau ne, amma a Legas ya tashi, bai dawo gida ba sai da aka yi jiha. Ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, shi da taye a wuya yake zuwa. Ya fito, ya dubi fangalan, ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake duba.

"Daga Jos na sa aka kawo su," ya ce. "Jos, Lukuman!"

"Ranka ya daɗe, awaki ne..."

"Baturen Kaduna ba shi da maƙwabta masu awaki?"

"Yana da katanga, ranka ya daɗe."

Malam Tajuddeen ya ɗaga yatsa. "Ranar Laraba ta sama Alhaji Jatau zai zo buɗe ginin nan. Shi ne shugaban kwamitin duba sababbin ofisoshi, kuma an ce ba ya dariya. Kwana tara ke nan. Takardarka ta aikin dindindin tana kan teburina, ban sa mata hannu ba. In ya zo ya ga fure a ƙofar nan, zan sa. In ya ga tsinke, ka kama hanyar Bungudu tun kafin a raba lemo."

Hanyar Bungudun ya kama da yamma, don can iyalinsa suke. Tun daga tasha aka fara: "Ofisa! Ofisa an dawo!" Mai nama ya ɗaga masa wuƙa, mai faci ya sara masa. Wata biyu ke nan duk garin ba mai kiransa da sunan yanka. Ya amsa musu yana tunanin yadda zai dawo cikinsu da tsohuwar hular kabu-kabu.

A gida ya zauna bisa tabarma ya zayyana wa matarsa Luba komai, takardar gwajin aikin tana ajiye kusa da gwiwarsa. Yana cikin magana ya ji ana jan wani abu. Ya waiga. Tsintsiya ce, akuyar Luba, ta riga ta cinye kusurwar takardar da ke da hatimi.

"Kai! Kai! Allah ya isa!" Ya fizge sauran.

Ba banza aka sa mata wannan suna ba. Inda ta bi sai ta share. Ta ci sabulu, ta ci kalandar bango har watan Disamba, ta ci wayar rediyo ana tsakiyar labarai. Liman ya taɓa ajiye rawaninsa zai yi alwala, ya ɗago ya tarar da rabi.

Luba ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tsaya cak. "Ofisa, tsaya. Kai fure kake nema ko furen da akuya ba ta ci?"

"Akwai abin da akuya ba ta ci? Dubi wagga ɓarauniya."

"To ita za ka tambaya. Abin da Tsintsiya ta ƙi, babu akuyar da za ta ci shi a ƙasar Zamfara. Ka tuna bara da Inna Uwani ta zo suna da kwandon magungunanta? Tsintsiya ta tura kai ciki, ta ci sassaƙe, ta ci saiwa, har layar da ke ɗaure a kwandon ta ci. Amma akwai wani ganye da ta shinshina ta yi atishawa, ta juya mishi baya."

"Wane ganye?"

"Ni na sani? Tafi ka tambayi innarka. Ka tafi da ita ta nuna maka."

Washegari da sassafe ya ari babur ɗin Sabiru, wan Luba, aka ɗaure Tsintsiya cikin babban kwando a baya. Daga Bungudu zuwa 'Yandoto, garin Inna Uwani, dole a ratsa Gusau, kuma dole a bi ta gaban ofis. Lukuman ya sunkuyar da kai ya murɗa mai. Daidai ƙofar ƙarfen nan Tsintsiya ta saki kuka mai tsawo, Baba Shehu ya miƙe tsaye ya sara mata. Kafin su kai hanyar Tsafe ta cinye bayan rigarsa har kafaɗa, iska tana shiga tana fita.

Inna Uwani ƙanwar mahaifiyarsa ce, mai sayar da maganin gargajiya a kasuwar Tsafe. Ya same ta a tsakar gida tana shanya saiwoyi. Ta dubi rigar, ta dubi akuyar.

"Lukumanu, korarka aka yi ko fashi aka yi maka?"

Ya gaya mata. Ta ɗauki mayafi ta ce ya biyo ta da akuyar. Suka fita bayan gari, suka wuce gonakin da aka girbe, har zuwa wani faƙo gindin duwatsu, inda ƙasa ta bushe ta tsattsage, ko ƙaya ba ta son wurin. A nan Lukuman ya tsaya baki buɗe. Wasu 'yan tsirrai ne a baje ko'ina, tsayinsu bai kai gwiwa ba, ganyensu kore mai toka-toka, jere biyu-biyu. Kowane reshe ya ɗago kai da furanni rawaya shar, kamar an watsa kwaiduwar ƙwai. Wasu har sun yi 'ya'ya, kwanso fale-fale a lanƙwashe, irin na dangin wake.

Tsintsiya ta ruga da gudu, ta kai baki. Ta tsaya. Ta shinshina, ta yi atishawa sau biyu, ta koma ta kama cin igiyar da aka ɗaure ta da ita.

"Allahu akbar!" in ji Lukuman. "Inna, mene ne wannan?"

"Kai dai zaman birni ya lalata ka. Filasko ne ba ka sani ba? Sau nawa uwarka ta danne ka ta ɗura maka shi kana ƙarami?"

Sai ɗacin ya dawo masa a maƙogwaro, tare da tunanin wata doguwar rana da ya yi a bayan gida yana ɗan shekara bakwai. Filasko, maganin wankin ciki. Ya san shi a busasshen ganye cikin ƙoƙo, bai taɓa ganinsa tsaye da furensa ba.

"Shi zan dasa," ya ce.

Inna Uwani ta zauna kan dutse don dariya. "A ƙofar gwamnati? Mi suka yi maka?"

"Inna, shugabanmu ɗan Legas ne. Bai san shi ba."

"To ai mutanen Gusau ba 'yan Legas ba ne." Ta share hawaye. "Shi ke nan, saurara. Ka haƙo shi da saiwarsa duka, doguwa ce, in ta tsinke ya mutu. Ka ɗauke shi da ƙasarsa. Kada ka cika mishi ruwa, ɗan wahala ne, daɗi kashe shi yake yi. Na uku kuma, duk wanda ya zo neman ganyensa kada ka hana shi. Mu nan ba mu hana magani, ko a gonar wa ya tsiro."

Lukuman ya ce to, amma hankalinsa yana kan na ɗaya da na biyu. Suka yini suna haƙa. Da la'asar ya samo a-kori-kura a tashar Tsafe, aka ɗora babur ɗin, aka jera tsirrai sittin cikin yagaggun buhuna, Tsintsiya a tsakiyarsu tana cin buhun tana kauce wa ganyen.

Ranar Laraba ya dasa. Alhamis suka yi laushi, kawunansu a ƙasa, shi ma nasa a ƙasa. Ranar Juma'a da hantsi suka miƙe, furannin suka buɗe, gaban ofis ya yi rawaya tun daga titi ake hangowa. Awakin unguwa suka zo a jere kamar masu gaisuwar mutuwa, kowace ta shinshina ta yi gaba. Bunsurun nan ya tsaya ya daɗe yana kallon Lukuman, sannan ya tafi.

Malam Tajuddeen ya zagaya fangalan sau uku, hannuwa a baya. "Ka ga aikin wanda ya zauna da Bature! Daga ina?"

"Irin na hamada ne, ranka ya daɗe. Har ƙasar Larabawa akwai shi."

"Na ga alama. Wannan ba na nan ba ne. Sunansa?"

Lukuman ya dubi furen, ya dubi sama. "Zinariyar Hamada."

Kafin azahar an kafa allo mai ƙafa biyu, an rubuta sunan da jan fenti.

Baba Shehu ya jira sai da shugaban ya shiga ciki, sannan ya matso yana sosa gemu. "Ɗana, wagga zinariya taka... a ba ni kamu ɗaya mana. Kwana uku ke nan abin ya tsaya mini."

"Baba, rufa mini asiri."

"Asirinka a rufe yake. Nawa ne ya rufu fiye da kima."

Ya tsinka masa kaɗan daga ƙasa, ta bayan tsiron. Ranar Asabar Baba Shehu ya zo aiki yana tafiya kamar saurayi, kuma duk wanda ya tambaye shi lafiya sai ya ba shi labari. Zuwa Lahadi magana ta gama unguwa: sabuwar gwamnati ta shuka wa talakawa magani kyauta, har da allo.

Litinin tun kafin rana ta yi zafi Lukuman ya tarar da mutum goma sha ɗaya suna jira a bakin ƙofar ƙarfe, duk da ba katanga, don ladabi. Akwai 'yan garuwa biyu, da wani tela, da direban tifa. A gabansu wata tsohuwa ce mai tallan daddawa, Inna Rakiya, riƙe da ƙoƙo.

"Jama'a, wannan fa ado ne," in ji Lukuman. "Kayan gwamnati ne."

"Mu ma na gwamnati ne," in ji tela.

Inna Rakiya ta kama hannunsa. "Ɗan nan, dubi idona. Kwana huɗu. In na sunkuya ɗaukar tire sai in ji kamar na haɗiye turmi. Da sai na shiga mota zuwa Tsafe, ga shi Allah ya kawo shi ƙofar gida. Hana ni za ka yi?"

Akuya ana jifanta da dutse. Tsohuwa mai kiranka ɗan nan fa? Maganar Inna Uwani ta uku ta faɗo masa. Ya dubi tagar Malam Tajuddeen, ya ga labule a sake.

"To ku ji sharaɗi. Ba mai taɓa fure. Ba mai taɓa gaba. Ta baya za a tsinka, ɓangaren da ke kallon bango, kuma ni zan tsinka."

Haka aka yi Litinin, haka aka yi Talata, mutane suna ƙaruwa. Lukuman ya koma kamar wanzami, yana bin tsirrai yana yi musu aski ta ƙeya. In ka tsaya a titi, lambu ne na gidan Bature. In ka zagaya ta baya, sanduna ne tsirara, kowanne da ɗan tuntun fure a ka. Ya lissafa a ransa cewa babban baƙo ta ƙofa zai shigo, ta gaba zai gani, ya yanka kirtani ya tafi.

Ranar Laraba aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka kawo makaɗa. Masu rumfar ba su sami inda za su ɗaure igiya ba sai jikin ƙofar ƙarfe, don ita kaɗai ce abu mai ƙarfi a filin. Da motar Alhaji Jatau ta iso, direban ya ga ƙofa a ɗaure da igiyoyi, ya ga ba katanga, sai kawai ya kewaya ya shigo ta bayan fangalan ya tsaya.

Alhaji Jatau ya fito da ƙyar. Dattijo ne mai jiki, fuskarsa a murtuke kamar an aiko masa da sammaci. Kwana takwas ke nan yana zagayen ƙananan hukumomi, ko'ina a tare shi da shinkafa da soyayyen nama, kuma an ce ofis uku ya rubuta wa mummunan rahoto, ɗaya saboda ƙarar fanka kawai. Abin da ya fara gani shi ne ƙeyar tsirrai sittin.

Malam Tajuddeen ya rugo ya jawo shi ta gaba, yana magana ba numfashi. "Ranka ya daɗe, wannan ita ce Zinariyar Hamada. Daga ƙasar Larabawa muka yi odarta musamman. Babu irinta a duk Arewa. Ni da kaina na zaɓe ta."

Alhaji Jatau ya dubi allon. Ya sunkuya yana nishi, ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya kai hanci.

"Wa ya shuka filasko a nan?"

Makaɗa suka tsaya. Wani a bayan rumfa ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Malam Tajuddeen ya waiga ya ga ma'aikatansa duka suna kallon takalmansu. Wani akawu ya raɗa masa a kunne cewa ciyawar daji ce, a faƙo take fitowa. Abin da take yi wa ciki kuwa, kunya ba ta bar shi ya faɗa a gaban manya ba.

Wuyan Malam Tajuddeen ya kumbura cikin taye. "Lukuman! Ciyawa ka dasa mini? Ajiye bokitin gwamnati. Ka tafi Bungudu, yanzu!"

Lukuman ya ajiye bokiti. Ya juya zai tafi ke nan sai ga Inna Rakiya ta ratso tsakiyar manyan baƙi, tiren daddawa a ka, ƙoƙo a hannu.

"Ɗan nan, na maƙwabciyata na zo karɓa. Nawa ya yi aiki, Allah ya yi maka albarka, har sau biyar..."

"Fitar da matar nan!" in ji Malam Tajuddeen.

Lukuman ya ga ai an riga an kore shi, ba abin da ya rage a kora. Ya karɓi ƙoƙon, ya durƙusa gaban fangali, ya tsinko mata ganye masu kyau, na gaba, waɗanda ya kwana biyar yana karewa. "Ga shi, Inna. Ki ce ta sa tsamiya, kada ya murɗe ta."

Alhaji Jatau yana tsaye yana kallo. Idonsa ya bi ƙoƙon har tsohuwar ta fita. Sannan ya yafito Lukuman da yatsa, ya ja shi gefen mota, ya rage murya.

"Sau biyar ta ce?"

"Haka ta ce, ranka ya daɗe."

"Ni yau kwana shida." Ya share gumi. "Rabona da ganin ganyen ga tun rasuwar kakata. Na sha ƙwayoyin asibiti har kala uku, kamar ina jefa tsakuwa a rijiya. Ka san ma'auninsa?"

"Abin da yatsa uku suka kama, ranka ya daɗe. A tafasa da tsamiya."

"Akwai tsamiya?"

Baba Shehu, wanda ba a kira shi ba, ya riga ya ɗora buta a kan gawayi. Tsamiya kuwa tana aljihunsa tun ranar Juma'a.

Aka yanka kirtani a gurguje. Baƙi suna shan lemo aka kawo wa Alhaji Jatau kofi a kan faranti, yana tururi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya lumshe ido kamar wanda ya ji muryar gida. Malam Tajuddeen yana gefensa yana kallo. Ya ga babban baƙo bai taɓa lemo ba, bai taɓa kaza ba, ruwan ciyawar nan yake sha har da gyaɗa kai. Nan take ya sake lale.

"Ai ranka ya daɗe, shi ya sa na ce a dasa shi. Ni kullum da shi nake karyawa. Baba Shehu, kawo nawa!"

Baba Shehu ya dubi Lukuman. Lukuman ya buɗe baki. "Ranka ya daɗe, wannan fa..."

"Kai ba na sallame ka ba? Baba, cika shi."

Aka cika. Ya shanye yana murmushi, hawaye na taruwa a idonsa saboda ɗaci. Don ya nuna sabo, ya miƙa kofin aka ƙara, na ƙasan buta, mai kauri. Alhaji Jatau ya dube shi da mamaki.

"Kofi biyu? Lallai kai namiji ne."

Washegari da hantsi Lukuman ya dawo daga Bungudu don ya mayar da rigar aiki. Bai gaya wa kowa a gari ba, Luba kaɗai ta sani. Yana isa ya ga motar Alhaji Jatau a bakin ƙofa, za ta wuce Tsafe. Dattijon yana tsaye gaban furanni, hula a ture, yana raha da Baba Shehu. Da ya hango Lukuman sai ya buɗe hannuwa.

"Ga likita! Yaro, yau na ji ni kamar an sauke mini buhun gero. Na rubuta a rahotona, duk ofisoshin da na zaga wannan ne kaɗai ya shuka abin da ke amfanin jama'a. Ina shugaban naku? A ba ka takardarka a gabana."

Shugaban yana ciki, amma ba a ofishinsa ba. Sun same shi a baranda yana fitowa daga ƙaramar ƙofar da ke ƙarshen gini, ba taye, ba gilashi, yana dafa bango.

"Malam Tajuddeen, takardar yaron ga."

"Yanzu, ranka ya daɗe." Muryarsa kamar ta sauro. Aka kawo takardar, aka ba shi biro. Ya rubuta rabin sunansa, ya tsaya, idonsa ya fito. "Ina zuwa." Ya juya da sauri.

Suka jira. Ya dawo ya ƙarasa sunan. Saura kwanan wata. Ya rubuta rana, ya rubuta wata, ya ajiye biro ya sake rugawa. Shekarar sai a zuwa na uku aka samu, hatimi kuwa Alhaji Jatau ne ya buga da kansa don tausayi.

"Ka ce kullum da shi kake karyawa," in ji dattijon.

"Na Legas... bai kai wannan ƙarfi ba, ranka ya daɗe."

Da motar ta tafi, Malam Tajuddeen ya jingina da bango ya kira Lukuman da hannu. "Yaushe yake tsayawa?"

"Kofi biyu? Zuwa la'asar, in Allah ya so. A samo maka kunu mai kauri."

"Ka cire allon nan."

"A rubuta filasko?"

"Rubuta abin da ka ga dama. Ka ƙara 'kofi ɗaya' a ƙasan sunan, da manyan baƙaƙe."

Da yamma Lukuman ya sauka a tashar Bungudu, mai nama ya ɗaga wuƙa, mai faci ya sara, ya amsa musu da hannu biyu. A gida Luba ta yi guɗa, ta ce a ba ta takardar ta gani. Ya zaro ambulan daga aljihu, ya kumbura kamar an cusa masa auduga. Ta buɗe, ganyen filasko ya zubo mata a cinya, takardar tana lulluɓe a cikin sauran.

"Ofisa, mi ne wannan kuma?"

"Ajiye ta a ƙasa ki gani."

Ta ajiye ambulan ɗin a kan tabarma. Tsintsiya ta taso daga gindin turmi da saurinta, ta kai baki, ta tsaya. Ta yi atishawa sau biyu. Ta daɗe tana kallon Lukuman, sannan ta juya ta ɗauki hularsa ta fita da ita.